Matattakala Sittin da Takwas

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Umma da kowa na gida. Ni ma lafiya lau nake, sai kewarku da ta kama ni tun ban gama kwance kaya ba.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali ina da waya. Ka san halin gidanmu. Da na kira ka, Umma za ta tsayar da keken ɗinki ta ce a buɗe murya kowa ya ji, in kuma saƙo na turo, sai ta tsare ka ka karanta mata. Akwai maganar da ba na so ta shiga kunnenta tukuna, shi ya sa na ba direban da ya kawo ni wannan takarda, na ce masa hannunka kawai.

Bari in fara da albishir: na samu ɗaki a masaukin ɗalibai. Ranar rabon makullai mun fi mu ɗari uku a layi, kuma ba kowa ne ya ga sunansa a allo ba. Na ga wata ta zauna a kan akwatinta tana kuka, babanta na tsaye yana ta kiran waya. Ni dai na ga nawa sunan. Matar da ke kula da masaukin, wadda kowa ke kira Mai Makullai saboda tarin da ta rataya a wuya, ta miƙo mini nawa ta taga ba ta ko ɗago kai ba. Ɗaki na arba'in da bakwai, mu huɗu ne a ciki. Akwai fanka mai aiki, akwai kabad da ƙofarsa ɗaya ta ɓalle, akwai kuma wata 'yar ɗakinmu da na sa wa suna Rediyo, don tun da na shigo ba ta yi shiru ba.

To ga inda maganar take. Ɗakin a hawa na huɗu yake, Yaya. Matattakala sittin da takwas, na ƙirga su, ka san lissafi na zo karantawa. Famfon sama ba ya kawo ruwa, sai an sauka ƙasa da bokiti. Gadon kuma mai hawa biyu ne, na sama aka rubuta mini. Sai na kwance takalmin ƙarfena na jingine shi, sannan in ja jikina da hannu in haye kamar mai hawa katanga. Rediyo ta ce hannuwana sun fi na yayyenta maza ƙarfi.

Ina ba ka labarin da wasa ne, amma gaskiya tsoro nake ji. Ka tuna sharaɗin Umma ranar da takardar shigata jami'a ta fito: in wurin kwana bai dace da ƙafata ba, in tattaro kayana in dawo kwalejin bayan gidanmu. Shekara biyu na yi ina neman wannan gurbi, ba zan so bene ya raba ni da shi ba.

Wani abu kuma ya ɗaure mini kai. Na ga akwai ɗakuna a ƙasa, daf da famfo, an ce na masu lalura ne. A fom ɗin da ka cika mini, babu inda aka tambayi irin wannan?

Ka gaishe da Umma, ka ce mata ina cin abinci kuma ina shafa man ƙafa. Duka biyun gaskiya ne. Na bar ka lafiya.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso hannuna ranar Talata bayan na taso daga makaranta, na kuma karanta ta sau uku. Muna lafiya gaba ɗaya. Na taya ki murnar samun ɗaki, Allah Ya sa albarka a karatu.

Game da tambayarki, ba zan ɓoye miki ba. An tambaya, kuma laifina ne.

Ranar da muka je shagon kwamfuta cika fom ɗin, ke kina asibiti ana gyara miki takalminki. Umma ta ce sai ta bi ni, tunda ita za ta sa hannu a matsayin mai kula da ke. Ta zauna kusa da ni, ina karanta tambayoyin da ƙarfi tana ba da amsa, mutane na jiran layi a bayanmu. Da muka zo tambaya ta goma sha huɗu, na karanta: shin ɗalibi yana da wata nakasa? Umma ta dubi mutanen da ke bayanmu, ta dube ni, ta ce, "'Yata ba ta da komai. Wuce." Ni kuma na danna a'a, na wuce.

Na san ya kamata in tsaya in yi tunani. Amma ke ma a gidan kika tashi. Kina shekara biyar matar nan mai sayar da gawayi ta kira ki da sunan da kika sani, Umma ta yi shekara bakwai ba ta amsa gaisuwarta ba, gawayi kuwa sai mu tsallake layi uku mu sayo. Tun daga nan ba a faɗin wannan kalma a gidanmu. Ko shan inna ba a cewa, sai dai a ce ƙafar Auta ta gaji. Ni kaina da na karanta tambayar sai na ji kamar na yi zagi a gabanta. Ban kawo a raina cewa da wannan amsar za a raba ɗakuna ba, na ɗauka irin tambayoyin nan ne da ake yi don cika takarda.

Shawarata ita ce, ki je ofishin masaukin ki yi musu bayani cikin ladabi, ki tambayi ƙa'idar canjin ɗaki. Duk takardar da ake bukata ki rubuto mini sunanta daidai. Kafin nan, ina roƙonki kada ki cika bokiti, ki riƙa ɗaukar rabi rabi, ki kuma riƙe ƙarfen gefe.

Ban faɗa wa Umma komai ba. Kullum sai ta tambaye ni ko ɗakinku yana da iska. Ki yafe mini. Wassalam.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Na yafe maka tun kafin in kai ƙarshen wasiƙar, don da ni ce a kujerar, abin da zan danna ke nan. Amma rabin bokiti, Yaya? Ka manta rabin bokiti yana nufin hawa biyu. Da ganin shawarar ka san ta malamin tarihi ce.

Ranar Laraba na faɗi. Kada hankalinka ya tashi, gwiwar hannu ce kawai ta kurje. Wata ta zubar da ruwan wanki a hawa na biyu, ƙarfen takalmina ya zame, ni da bokiti muka sauko tare, shi ya riga ni isa. Laccar safe ta wuce ni, ta uku ke nan a mako biyu. Da na dawo ɗaki da yamma, na tarar Rediyo ta kwashe shimfiɗarta ta mayar sama, ta sauko da tawa ƙasa. A kan wannan kaɗai ba ta ce uffan ba, sai ta ci gaba da ba ni labarin bikin yayarta.

Na je ofis kamar yadda ka ce. Mai Makullai ta zaro fom ɗina, ta karanta, ta leƙo ta kan tebur ta dubi ƙafata, ta sake duba takardar.

"Wannan fom ɗinki ne?"

Na ce nawa ne.

"To wa ya ce a'a a nan?"

Na buɗe baki in yi mata bayani, sai na tarar ni ma ban iya faɗin kalmar ba. Na ji kaina ina cewa, "Ƙafar ce take ɗan gajiya."

Ta cire tabarau ta ce, "'Yata, ni ma ƙafata tana gajiya, amma ba a ba ni ɗakin ƙasa ba. Ki kira abin da sunansa in san abin da zan rubuta."

Ga ƙa'idar. Saura gado ɗaya a ƙasa, a ɗaki na uku. Za ta riƙe mini shi zuwa Juma'a ta sama, in ta wuce sai ta ba na jerin masu jira. Ana son takardar asibiti, da sabon fom mai ɗauke da sa hannun wanda ya sa hannu a na farko. Na ce yayana zai sa, ta ce sunan uwa ta gani, hannun uwa take so.

Da na fito na leƙa ɗaki na ukun. Akwai wata 'yar aji uku mai keken guragu, Gwamna ake ce mata. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke tamu ce, wa ya kai ki sama?" Da Umma na wurin da an yi wata shekara bakwai ɗin. Ni kuwa dariya ta kama ni har da hawaye, na ji wani sanyi a ƙirjina da ban san ina nemansa ba. Ta nuna mini banɗakinsu mai ƙarfen riƙewa a bango, da famfo taku goma sha biyu daga ƙofa.

Yanzu ga roƙona. Na haɗo fom ɗin cikin wannan ambulan. In ya je gaban Umma, ɗayan biyu ne: ko ta ƙi sa hannu saboda abin da aka rubuta a kai, ko ta ji labarin bene ta ce in dawo gida. Kai kuwa tun kana firamare ka iya sa hannunta, ni shaida ce a kan katin sakamakonka na aji biyar. Ka taimaki ƙanwarka sau ɗaya. Takardar asibiti kuma zan nemi sabuwa a nan, tunda Umma ta ce tsofaffin sun ɓace.

Ina jiran amsarka da motar Asabar. Allah Ya bar zumunci.

Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan hannun ya yi sauƙi.

Za ki ji haushina, amma gara ki ji daga gare ni. Ban sa hannun ba. Na ɗauki biro, na gwada a bayan wata takarda, hannun ma ya fito daidai. Sai na tuna ƙarya ɗaya ce a fom ɗaya ta kai ki hawa na huɗu, ban ga dalilin ƙara ta biyu ba. In kuma aka gano, ba ɗaki kaɗai za ki rasa ba.

Ranar Lahadi bayan la'asar na same ta tana ɗinki, na zauna na faɗa mata komai: benen, bokitin, faɗuwar, da tambaya ta goma sha huɗu. Na karanta mata fom ɗin daga sama har ƙasa, ban tsallake kalma ko ɗaya ba. Ba ta tsayar da keken ba sai da ta kai ƙarshen haɓar rigar da ke hannunta. Sannan ta tambaye ni, "Matattakala nawa ta ce?" Na faɗa mata. Ta karɓi takardar ta ninke, ta tura ƙarƙashin murfin keken, ta ce in miƙo mata baƙin zare.

Kwana biyu ke nan ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuma na kasa tambaya. Amma jiya na shigo na tarar ta sauko da tsohon akwatin Baba, Allah Ya jiƙansa, tana fitar da wasu takardu daga ƙasan kaya. Da ta gan ni ta rufe. Yau da safe kuma ta aika aka tambayo direba ƙarfe nawa motarsa ke tashi ranar Alhamis. Na ce zan raka ta, ta ce ɗalibaina suna jirana.

Ban sani ba ko sa hannu za ta zo yi, ko ɗaukar ki. Ta ce a wanke babbar jakar nan mai zif, wannan ne ya fi damuna. Ki shirya zuciyarki, kuma kada ki yi mata gardama a gaban mutane. In ta dawo da ke, ni zan ci gaba da roƙonta har ta haƙura.

Allah Ya zaɓa mana mafi alheri. Wassalam.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Kafin komai: daga ɗaki na uku nake rubuto maka. Ina jin ƙarar famfo daga inda nake zaune, ban taɓa sanin ƙarar ruwa a bokiti tana da daɗi haka ba.

Na san Umma ba za ta ba ka labari ba, don haka ga shi. Ta iso da azahar. Na jira ta a bakin masauki na ce mu zauna a benci in sauko mata da ruwa. Ta ce ɗakina ta zo gani. Na ce akwai nisa. Ta miƙo mini jakar hannunta, ta rungumi babbar, ta kama ƙarfen gefe ta fara hawa. Ka san gwiwoyinta. A hawa na biyu ta tsaya tana haki, 'yan mata suna ratsa mu suna gaishe ta. A na uku ta zauna a kan matattakala. Na ce mu koma, ta ɗaga mini hannu. Leɓenta na motsi, na ɗauka addu'a take yi.

Da muka isa ta zauna a bakin gadona. Ta dubi gadon sama, ta dubi bokiti, ta dubi gwiwar hannuna. Rediyo ta kawo mata ruwa, kuma ka yarda ko kada ka yarda, ta yi shiru. Can Umma ta ce, "Sau nawa a rana?"

Na ce, "Huɗu. Wani lokaci biyar."

Ta miƙe ta ce mu je ofis.

A gaban Mai Makullai ta buɗe babbar jakar da ta tayar maka da hankali. Takardu ne, Yaya. Katin asibitina na farko, tun ina wata goma sha ɗaya, da hotunan ƙashi, da takardar kowane takalmi da aka taɓa auna mini, an jera su bi da bi an ɗaure da ƙyallen atamfa. Babu wadda ta ɓace. Mai Makullai ta ce guda ɗaya ta isa. Umma ta ce, "Ki duba duka, kada a ce an yi ƙarya sau biyu."

Da aka zo cika layin da ake rubuta irin lalurar, Mai Makullai ta ɗago biro tana jira. Na yi niyyar amsawa, Umma ta riga ni. Ta ce, "Shan inna ne. Ƙafar hagu. Nakasa ce, rubuta." Muryarta ba ta yi rawa ba, amma hannun da ta sa a takardar bai yi kama da wanda ka iya kwaikwayo ba.

'Yan ɗakinmu ne suka sauko mini da kaya. Gwamna ta tarbe mu tana cewa, "Sannu da saukowa, 'yar uwa," Umma ta dube ta. Sai kawai ta tambaye ta wa ya ɗinka mata matashin kekenta, don ɗinkin bai yi ba. Daga nan ta zagaya ɗakin, ta murɗa famfon waje, ta jijjiga ƙarfen banɗaki, ta daɗe tana shafa bakin taga da hannu, ina jin ƙura take dubawa.

Abu ɗaya ya rage mini. Da na raka ta mota na tambaye ta kai tsaye, "Umma, in zauna?" Ta ce, "Ma yi magana." Ka san wannan kalmar a bakinta, da ita ta hana ka sayen babur. Na samu ɗaki, hankalina ya kwanta da wannan, amma ban kwance akwatina gaba ɗaya ba. Ka lura mini da fuskarta, ka rubuto.

Na gode da ka ƙi jin maganata. Ka gaishe da kowa.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya. Da hannuna na rubuta, yayanki bai gani ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Matattakala saba'in da ɗaya ce, ba sittin da takwas ba. Ba ki sa ukun bakin ƙofa ba. Ki mai da hankali, lissafi aka tura ki karantawa.

Ni na ce a wuce tambayar nan, kada ki riƙe yayanki. Na hana a faɗi kalmar ne don kada ta yi miki nauyi, sai ga shi na ɗora miki bokiti. Ki yafe wa uwarki.

Ga ƙunshi nan wurin direba. Matashin na yarinyar nan mai keke ne. Ɗankwalin na mai surutun da ta ba ki gadonta. Labulen na tagarku ne, na auna ta da hannu, kamu shida da rabi. Yadi mai kauri na sa, na ninka bakinsa biyu, zai kai ki shekara huɗun.

Ki kwance akwatinki. Allah Ya yi miki albarka.

Umma